Kwalbar Murabba da Kujerar Madam Nawal

Wata huɗu na yi a Alƙahira kafin na yarda an cuce ni. Ni mace ce mai taurin kai, ko mahaifina ya san haka, shi ya sa da na kafe sai na tafi Masar karatun ƙira'a bai tsaya jan magana da ni ba, ya sayar da gonarsa ta bakin rafi. Na haddace Alƙur'ani a Funtuwa, na yi musabaƙa har matakin jiha, aurena ya mutu babu haihuwa, shekarata ashirin da tara, me zan zauna jira? Dillalin da ya yi mini hanya ɗan garinmu ne, mai gemu da zaƙin baki. Ya ce gurbina na nan a jami'ar addini, da ɗaki da abinci. Ya sauke ni a Hayyus Sabi', unguwar ɗalibai, a wani gida hawa na shida inda 'yan mata bakwai 'yan Najeriya suke raba ɗaki biyu, ya ce jibi zai dawo mu je ofis. Har yau ina jiran jibin nan.

Ƙarshen 2011 ne, gari bai zauna ba, ofis ya buɗe yau gobe a rufe. Kullum in ɗauki takarduna in tafi, kullum a ce mini bukra, wato gobe. Ranar da abin ya ƙare, wata ma'aikaciya mai ƙiba ce ta ji tausayina, ta juyo da babban littafin rajista gabana ta ce in duba da idona. Na bi sunaye da yatsa har ƙasa, na sake bi. Babu Ruƙayya ko ɗaya daga Najeriya. Ta ce, "Ma'alish, ya binti," wato yi haƙuri 'yata, ta ciro rabin biredinta ta miƙo mini. Na karɓa, don ban san me zan yi da hannuna ba.

'Yan matan gidan ba su kore ni ba, amma kowa da karatunta, ni kaɗai ke yini a gida ina kallon rufin maƙwabta. Ban taɓa sanin ƙasar Larabawa tana sanyi haka ba. Wake da biredi da safe, wake da biredi da yamma, har na riƙa mafarkin ƙanshin daddawa. Duk Juma'a mahaifina ya kira, in ce masa karatu na tafiya daidai. Wannan ƙaryar ta fi yunwa ci na.

Bakina ne ya cece ni. Wata rana a jirgin ƙasa, taragon mata, wata ta taka ni da tsinin takalmi ba ta ko waiwayo ba, na saki zagi da Hausa, irin wanda ba a maimaitawa. Sai na ji daga bayana an ce, "Ke 'yar wane gari ce mai baki haka?" Na juya na ga wata dattijuwa baƙa, naɗe da tobi irin na matan Sudan, tana dariya har haƙorin makkanta na ƙyalli. Ita ce Hajja Batul. Kakanninta sun baro Haɗeja da ƙafa za su aikin hajji, suka zauna a Sudan, ita kuma rayuwa ta turo ta Masar, tana zane da lalle tana sayar da turaren wuta. Ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausarta irin ta tsofaffi ce, tsaf.

A ranar ta tafi da ni unguwarsu, Faisal. Muka sauka daga ƙaramar bas muka shiga wani lungu da rana ba ta kaiwa ƙasa saboda tsawon benaye. Ta tuƙa asida, tuwon mutanen Sudan, da miyar busasshiyar kuɓewa ta ajiye gabana. Loma ɗaya na kai baki na fashe da kuka, na ba ta labari duka, har ƙaryar da nake wa mahaifina. Ba ta rarrashe ni ba.

"Ci tukuna, ya bitti," ta ce. "Kuka ba ya zama a cikin da babu komai."

Wata biyu ina kwana a tabarmarta ina dama mata lalle, sannan ta samo mini aiki ta hannun wata da take wa zane. Aikin a gidan wata tsohuwa ne a Wusɗul Balad, tsakiyar gari, mai aikinta ta shekara ashirin ta koma ƙauye.

"Me take yi, tsohuwar?" na tambaya.

"Kiɗa take koyarwa. Fiyano."

"Hajja! Ni da Alƙur'ani a ƙirjina in je gidan kiɗa?"

"Ke za ki kaɗa? Shara ce da shayi, sai riƙe mata hannu a matakala. In kina da wani aikin, tamam, faɗa mini in ji."

Ba ni da shi. Izinin zamana, iƙama, ya riga ya ƙare, kuma babu makarantar da za ta tsaya mini a sabunta. Na ɗaure kayana a leda na bi ta.

Gidan Madam Nawal yana hawa na huɗu a wani tsohon bene mai rufi can sama, sama da shagon masu canjin kuɗi. Na'urar hawan benen, wato lif, ta fi mutuwa a kan aiki. Ita doguwa ce, siririya, gashi fari fat, shekararta saba'in da 'yan kai, Kirista ce daga Kibɗawan Masar. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce kafaɗata a karkace take, in miƙe. Gaisuwarmu ta farko ke nan. A ɗakin tsakiya akwai fiyano baƙi, girmansa ya kai gadon amarya, ta ce duk abin da ke gidan zan iya gogewa ban da shi.

Ban taɓa ganin mutum mai faɗin gaskiya ba gishiri irin matar nan ba. In shayi ya yi sanyi ta faɗa, in miyata ba daɗi ta faɗa, in ta yi daɗi ma ta faɗa, da murya iri ɗaya. Yara da 'yan mata da samari suna zuwa ɗaya bayan ɗaya daga la'asar, su zauna gaban fiyano, ita tana gefe da fensir. Na ga wani saurayi da ya gama kiɗa yana haki yana jiran yabo, ta ce masa, "Yatsunka sun iso, kai ba ka iso ba. Sake." Amma a makon farko ta sa aka janye wani kabad daga ɗakina don in sami wurin sallah, ta kira mai gadin ƙofa, wanda suke ce wa bawwab, ya nuna mini alƙibla. In an kira magariba tana tsakiyar darasi sai ta ɗaga fensir, ɗalibi ya tsaya har ladan ya gama.

Wata safiya ina muraja'a a hankali a kicin, sai na ganta a bakin ƙofa.

"Sake wurin nan," ta ce.

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, yau kuma mai kiɗa ce za ta gyara mini karatu? Na sake dai.

"Kina tsoron sautin sama. Kina hango shi sai ki yi sauri ki wuce. Kalmomin tsakaninki ne da malamanki, ni numfashi na ji. Ɗauke shi daga ciki, ba daga wuya ba."

Kwana uku ina fushi, a na huɗu na gwada, kuma gaskiyarta ce. Shekara goma malamaina suna ce mini muryata na rawa a nan, babu wanda ya gaya mini dalili.

A hankali na san tarihinta, guntu-guntu, yawanci lokacin da nake shafa mata man zafi a gwiwa. Tana budurwa aka tura ta wata ƙasa mai ƙanƙara ta yi karatun kiɗan Turawa na da, irin wanda ake rubutawa a takarda a bi shi ɗigo-ɗigo. Ta fara kiɗa a manyan zauruka, sai mahaifinta ya kwanta ciwo, ta dawo jinya, jinya ta ci shekara tara. Kafin ta ɗago, zamani ya wuce ta. Ta koma koyarwa, ba ta yi aure ba. Ta ce haka yawancinsu suke, kowa ya fara da burin a tafa masa, ya ƙare yana koya wa ɗan wani yadda ake zama a kujera. Wanda kunnensa ya yi suna a cikinsu, shi ake kira alƙalanci a gasar fiyano ta matasa da ake yi duk shekara da sanyi, wadda wanda ya ci ake tura shi waje karatu. Alƙalai biyar ne. Ita shekara talatin da ɗaya tana kan kujerar nan ba fashi.

"Ba wani abin kirki ake biyanmu ba," ta ce. "Amma ranar da takardar gayyata ta zo, ina sanin har yanzu akwai masu yarda da kunnena. Ba ni da ɗa, ba ni da zaure. Kujerar nan nake da ita."

Na gane wannan sarai. Na tsaya gaban alƙalan musabaƙa, na san yadda ake kallon mutumin da hannunsa ke kan ƙararrawa.

Da aka shiga Janairu na 2013, ta kira ni ta kafa doka. Daga yau har a gama gasa, ban da ɗalibanta babu mai shigowa. Babu iyaye, babu masu kawo gaisuwa, in an kira waya in ce tana barci. Na ce to. Abin da ba ta faɗa ba, don wadda ta riga ni ta san shi tun shekara ashirin har ya daina zama abin faɗa, shi ne ba a karɓar komai daga hannun kowa, ko da fure ɗaya ne.

A makon ne muka yi murabba. Lokacin wani lemu ne mai ɗaci da ake dafa ɓawonsa da sukari har ya yi kauri, a ci da biredi. Ita ba ta ci, tana da ciwon suga, likita ya hana, amma duk shekara sai ta yi, ta zuba a kwalabe, ta rubuta sunanta da shekara a 'yar takarda da hannunta ta manna. Duk masu kiɗan Alƙahira sun san murabbar Madam Nawal, kuma sun san ba kowa take ba wa ba. Ta ware kwalba huɗu ta ce nawa ne, ladan yankan ɓawo, in yi yadda na ga dama da su.

Ana saura 'yan kwanaki Maulidi, duk titi an kafa rumfunan alewa, kowa na aika wa kowa. Da azahar Madam na ƙailula aka buga ƙofa. Wani direba ne, dattijo mai ladabi, riƙe da babban kwali na alewar Maulidi, ɗaure da zare mai ruwan zinari. Ya ce daga uwar ɗakinsa, mahaifiyar Farida, tana gaida Madam. Ban san wata Farida ba. Na tsaya a bakin ƙofa na tare hanya, don doka ta ce kada kowa ya shigo, kuma bai shigo ba. Amma kwalin na karɓa da hannu biyu. A gidanmu ba a mayar da hannun kyauta baya. Mutum ya hau bene huɗu da ƙafa, da furfurarsa, in ce masa koma da kayanka? Ban taso haka ba.

Sai kuma na tuna ba a sallamar ɗan aike hannu rabbana. Yaba kyauta tukuici, in ji mutanenmu, kuma ina ganin mutuncin gidan nake karewa, kada a ce gidan Madam ba su san ya kamata ba. Ba ni da abin ba shi a hannu, na ruga ɗakina na ɗauko kwalba ɗaya cikin huɗun nan na miƙa masa. Ya duba rubutun, ya dube ni, fuskarsa ta washe. Ya sauka yana ta godiya, ni kuma ina jin na iya zaman duniya.

Kwalin kuwa na ɓoye ƙarƙashin gadona. Na san halinta, in ta ga alewa sai ta sata ta ci, na sha kama ta da cokali a bakin tukunyar murabba. Na ce don lafiyarta ba zan nuna mata ba, in an kwana biyu na gaya mata ta kira ta yi godiya. Ranar hutuna na kai shi Faisal, muka raba wa maƙwabta har bene uku.

"Kin ba ɗan aiken tukuici dai ko?" Hajja Batul ta tambaya, bakinta cike da alewar riɗi.

"Na ba shi, Hajja."

"'Yar halak. Nan ƙasar ba su san wannan ba."

Lallai ba su sani ba. Baƙo ko da ido makaho ne, ga mu makafi biyu muna yabon juna.

Gasar kwana uku ce, a wani zaure kusa da kogi. Ni ce mai riƙe mata hannu da jakarta da fulas ɗin yansun, wani shayin ganye da take sha don maƙogwaro. Alƙalai biyar suka jeru a dogon tebur a tsakiyar zauren, kowa da 'yar fitila da fensir da takardun kiɗan a buɗe. Shugabansu Dakta Magdi, gajere mai sanƙo, tare suka yi karatu da Madam tun suna matasa, shi ke riƙe da ƙaramar ƙararrawa. Ba sa magana da juna. Kowa ya rubuta makinsa ya ninke takarda a zo a karɓa. In ɗalibin alƙali ne ya hau, alƙalin ya ajiye fensirinsa a fili inda kowa zai gani, ya naɗe hannu har a gama. Sau biyu na ga Madam ta yi haka. Na zauna can baya ina cewa ashe ko'ina alƙali alƙali ne, sai dai a nan ba a buga maka ƙararrawa in ka yi kuskure, a bar ka ka ci gaba da kunyarka.

Masu gasar yara ne, mafi yawansu ba su kai ashirin ba. A rana ta biyu aka kira Farida. Sai sunan ya ɗan taɓa ni, amma ban kawo komai ba. Yarinya ce ƙarama mai tabarau, ta zauna ta daɗe ba ta taɓa komai ba, sannan ta fara. Ni ban san kiɗan nan ba, har yau ba zan ce na san shi ba, amma na san lokacin da mutum ya daina tsoron abin da ke gabansa. Zauren ya yi tsit, har masu tari suka bari. Na hangi Madam ta rufe ido. A mota ta ce mini, ita da ba ta yabo, "Shekara goma ban ji irin wannan ba."

Safiyar rana ta uku muna ɗakin hutun alƙalai, ina zuba mata yansun, Dakta Magdi ya shigo ya rufe ƙofa. Sauran alƙalan uku na zaune. Ya ce an kawo ƙara a rubuce daga mahaifin wani ɗan gasa. Jiya a farfajiya an ji mahaifiyar Farida tana faɗa wa mata cewa ta aika wa Madam Nawal alewa, Madam ta karɓa har ta mayar musu da murabbarta, da ita suke karya kumallo.

Madam ta yi wata 'yar dariya. "Magdi, ka san ni shekara hamsin. Ƙarya take."

Ya buɗe jakarsa ya ɗora kwalba a kan tebur. An ci rabi. Ga sunanta, ga shekara.

Nan take na ga komai, direba, kwali, zaren zinari, washewar fuskarsa. Abin da ya kamata in yi a fili yake, in ajiye fulas in ce ni ce. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma na tuna ba ni da takardar zama, na tuna labaran waɗanda aka kwashe aka tsare, na tuna mahaifina da yake zaton ina aji. Ni mai baki, wadda ta zagi mutum a jirgi don an taka ta, na yi tsuru-tsuru da fulas a hannu ban ce uffan ba. Ba na son tuna tsayuwar nan, amma haka aka yi.

Madam ta ɗauki kwalbar ta kai kusa da ido. "Rubutuna ne," ta ce. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Ta ciro fensirinta ta ajiye a kan tebur, ta ce a cire duk makin da ta bayar, su huɗu su ƙarasa. Sannan ta miƙo mini hannu. "Yalla, mu tafi, Ruƙayya."

Muka koma gida. Lif ya mutu kamar kullum, muka hau matakala ɗaya-ɗaya, tana nishi. Tana zama na durƙusa gabanta na faɗi komai. Ta saurara har ƙarshe.

"Alewar na gane," ta ce. "Wauta ce, amma na gane. Murabbar fa? Don me za ki ba mutum abu don ya kawo abu?"

Na yi mata bayanin tukuici, yadda a wurinmu ko ƙwaryar fura aka aiko maka sai ka sa wa ɗan aike wani abu, ba don ka biya ba, don a san ka yaba.

"Don a san na yaba," ta maimaita a hankali. "To, an sani."

Daga nan ta yi faɗa. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar. Ta ce shekara talatin da ɗaya ta mayar da fure, ta mayar da turare, ta taɓa mayar da zobe, ta ɓata da ƙawaye saboda 'ya'yansu, don kawai in ta rubuta maki a san kunnenta ne ya rubuta. Ta ce yarinyar nan ta ci makinta da yatsunta, yanzu har ta mutu za a ce da alewa ta saya. Na ce zan je in gaya musu, yanzu ma.

"Da wace takarda?" ta ce. "Zauna."

Da yamma Dakta Magdi ya kira, ta shiga ɗaki da wayar ta rufe ƙofa, sun daɗe. Da ta fito ta ce mini magana ta ƙare, khalas, in tashi in wanke kofuna. Na yarda, don ina son in yarda. Na ɗaure kayana ina jiran kora, kora ba ta zo ba. Washegari ta ce shayi ya yi sanyi, muka ci gaba.

An cire Farida daga gasar. Ɗalibai suka fara raguwa, don iyaye da yawa alƙaliya suke bi, ba malama ba. Daga goma sha ɗaya suka koma huɗu. La'asar ta yi tsawo a gidan. Wani lokaci in ganta zaune gaban fiyano a rufe, hannunta a kan murfin. Ni kuwa na riƙa gaya wa kaina cewa abu ne na shekara ɗaya, mutane za su manta, takardar gayyata za ta zo a Nuwamba kamar kullum. Da Nuwamba ta kama, kullum da safe sai na sauka wurin bawwab in tambaya ko an kawo wasiƙa.

A irin wannan saukar ce na ci karo da Dakta Magdi a ƙasan matakala, ya zo duba ta, yana hutawa kafin ya hau. Na gaishe shi, na yi ta maza na tambaya ko takardar Madam ce ya kawo. Ya dube ni da mamaki.

"Ba ta gaya miki ba?"

"Me, Dakta?"

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce tun ranar ya san ba ita ba ce, duk alƙalan sun sani. Kwamiti ya ba ta hanya mai sauƙi: ta rubuta cewa mai aikinta ce ta karɓa ba da saninta ba, ta sa sunana da lambar fasfona, in zo in sa hannu gaban hukuma, tunda mai ƙarar ya nace a yi komai a rubuce. Da an yi haka da kujerarta na nan. Sau uku ya kira ta, har bayan gasar, har watan jiya kafin a ba wani kujerar.

"Me ta ce?" na tambaya.

"Ta ce ba ta da mai aiki. Ta ce duk abin da aka karɓa a ƙofarta, ita ta karɓa."

Na bar shi nan na hau da gudu, bene huɗu, ban tsaya ba. Na same ta a kujerarta kusa da taga tana fiƙe fensir, ita da ba ta da abin rubutawa. Na tsaya gabanta ina haki, hawaye na zuba, na ce Dakta ya gaya mini. Na ce don me, Madam, don me za ki ba da shekara talatin da ɗaya saboda ni, ni da na yi shiru ranar da ya kamata in yi magana?

Ba ta ɗago ba. Ta hure ƙurar fensir daga cinyarta.

"Magdi ya tsufa, surutu ya yi masa yawa. Wa ya ce miki don ke ne? Gwiwoyina ne suka gaji da matakalar zauren nan. Dama ina neman dalilin bari. Jeki ɗora ruwa, baƙo na hawowa."

Na zauna da ita har 2015, lokacin da ɗan ƙanenta ya zo ya tafi da ita Iskandariyya, ni kuma na dawo gida na faɗa wa mahaifina gaskiya. Shekara uku na yi a gidan matar nan tana faɗa mini gaskiyar da ban nema ba, safe da yamma. Ƙarya ɗaya tak na taɓa ji daga bakinta, ita ce ta gwiwoyin nan, kuma ko ita ba ta iya yi tana kallon idona ba.